Ƙasar Gaya da Tarihin Abin da Ɗalibi Ke Karantawa a Ƙasar Kano

Yaron Gafasa, ko na Balare, ko na Toranke, in ya shiga makarantar boko ya ɗan yi nisa, zai tarar an yanka masa ilmi gunduwa-gunduwa. Adabi da lokacinsa, tarihi da nasa, kasuwanci da malaminsa dabam, tarbiyya kuwa akan bar ta ga darasin addini, ko ga gargaɗin hedimasta ranar taro. Da an kaɗa ƙararrawa sai a rufe wannan littafi a buɗe wancan, har yaro ya ɗauka babu abin da ya haɗa su. Wannan rabo yana da amfani wajen tsara aiki da shirya jarrabawa, amma fa baƙo ne a ƙasar Kano, bai daɗe da wuce shekara 100 ba. Kafinsa waɗannan fannoni tare su ke tafiya, hanya ɗaya su ke shigowa, in ɗaya ya sami sarari saura su samu, in an matsa wa ɗaya saura su ji a jikinsu. Labarin ƙasar Gaya yana cikin wuraren da a ke iya ganin wannan al'amari a fili.

Gaya tana gabas da birnin Kano kimanin mil 40, bayan an ƙetare kogi a Wudil. Gafasa kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Ajingi, wadda a da ta ke cikin ƙasar Gaya. Sarkin Gaya yana cikin manyan sarakunan ƙasar Kano tun zamanin Haɓe, tare da irin su Sarkin Rano da Sarkin Dutse da Sarkin Ƙaraye.

Inda a ke samun labari

Babban madogara shi ne littafin nan na Larabci da a ke kira Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. H. R. Palmer ya fassara shi da Ingilishi ya buga cikin 1908, sa'an nan fassararsa ta Hausa ta fito cikin littafi na biyu na Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, wanda Dokta R. M. East ya shirya a Zariya cikin 1933. Shekarun sarauta da za a ambata a nan duk bisa lissafin Palmer su ke, watau an samo su ne ta hanyar tara tsawon mulkin kowane sarki a koma baya. Saboda haka na ƙarnonin farko kimantawa ce.

Masana sun yi saɓani a kan yadda aka wallafa littafin. M. G. Smith yana ganin a hankali aka yi ta tara shi, zamani bayan zamani. Murray Last da John Hunwick kuwa sun karkata ga cewa cikin zamanin Muhammadu Bello aka haɗa shi, wajen shekarun 1880, daga jerin sunayen sarakuna da kirari da labaran dattawan fada. Kowace magana aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: littafin fadar Kano ne, da idon birni ya ke duban ƙauye. Ba ya ambaton Gaya sai in Gaya ta taɓa sarautar Kano. Wajibi ne mai karatu ya riƙe wannan a zuciya.

Maƙera da tama

Labarin baka da ya shahara a Kano yana cewa mutanen farko da suka zauna gindin Dala maƙera ne da suka fito daga Gaya suna neman tama, ana kiran zuriyarsu Abagayawa, har waɗansu na cewa sunan shugabansu Kano, shi ne garin ya ci sunansa. Shi Tarihin Kano da labarin Dala da Barbushe ya fara. Amma masu haƙar kayan tarihi sun sami kufan matoyar tama a Dala, gwajin kimiyya ya nuna shekarunta sun koma wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Wannan bai tabbatar da sunan mutum ko garin da ya fito ba, amma ya ƙarfafa ƙashin labarin, watau sana'ar ƙarfe ita ce ta fara tara mutane a wurin, ɗaruruwan shekaru kafin Bagauda, wanda a ke lissafa farkon mulkinsa daga 999.

To, a nan ga ilmi na farko da aka koyar a ƙasar nan. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga-zugi, ya koyi sanin dutsen da ke da tama da itacen da ke ba da gawayi mai kyau, ya koyi kirarin gidansu da sunayen kakanninsa, ya koyi yadda a ke cinikin fartanya da gatari, ya kuma koyi haƙuri da ladabi gaban ubangidansa. Babu wanda ya raba masa waɗannan ya ce wannan tarihi ne, wancan kasuwanci. A bakin maƙera ɗaya ya same su duka.

Zamanin Yakubu ɗan Abdullahi Burja

Musulunci ya kafu a fadar Kano zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), sa'ad da Wangarawa suka zo daga Mali. Su kuwa Wangarawa sanannu ne a ƙasashen yamma da abu biyu, malanta da fatauci. Bayan haka Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, inda a ke samo goro. Amma zamanin da ya fi dacewa malami ya tsaya a kansa shi ne na ɗansa Yakubu (1452 zuwa 1463), ko da ya ke shekara 11 kaɗai ne, kuma ba a ba shi labarin yaƙi ba.

Abu uku Tarihin Kano ya haɗa cikin wannan ɗan gajeren mulki. Na farko, zuwan Agalfati ɗan Sarkin Macina tare da 'yan'uwansa: shi aka ba shi Gaya, ɗaya ya sami Haɗejiya, saura suka sami waɗansu garuruwa a wajen Rano da Zazzau. Macina kuwa tana arewa maso gabas, cikin Jihar Yobe ta yanzu, a bakin ƙasar Barno. Na biyu, zuwan Fulani daga Mali da littattafan tauhidi da na ilmin harshen Larabci, alhali kafin nan malaman ƙasa ba su da kome bayan Alƙur'ani sai littattafan fiƙihu da hadisi. Na uku, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa saboda zuwan Asbinawa Gobir, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina, Barebari suka shigo da yawa, Larabawa kuma suka zo suka zauna.

Mai littafin bai ce wannan ne ya jawo wancan ba, jere su kawai ya yi. Amma jerin kansa hujja ne. Hanyar da aka share don jakin goro da raƙumin gishiri ita ce malami ya bi da gafakarsa, ita ce kuma ɗan sarki ya bi ya zo neman ƙasa. Sabuwar sarautar Gaya da sabon fannin karatu da sabon ciniki duk 'ya'yan buɗewar hanya ne.

Abin ya ci gaba. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) shi ya kafa kasuwar Kurmi, a zamaninsa kuma Shaihu Magili ya zo Kano ya rubuta masa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Zamanin Muhammadu Kisoke (1509 zuwa 1565) aka kawo Ashafa ta Alƙali Iyal da Mudawwana, waɗansu malamai 'yan'uwan juna kuma suka zo daga Barno, ɗayansu, Magumi, ya zama alƙali. Abubakar Kado (1565 zuwa 1573) shi ya sa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani. Daga yamma da arewa yawancin littattafan ilmi suka zo. Amma wajen hadda da rubutun Alƙur'ani Barno ce ta yi suna, har tafiya gabas ta zama ta'adar almajirai da gardawa. Garuruwan gabashin Kano, irin su Gaya, su ne ke tsakanin birni da wannan gabas ɗin.

Abin da ɗalibin da ke karantawa

Yaro yakan fara da allo, daga babbaƙu zuwa farfaru, ya yi ta tafiya har ya sauke. Wanda ya zarce sai ya shiga makarantar ilmi, ya zauna a zauren malami, ya ɗauki littafi ɗaya ya gama kafin ya ɗauki wani. A fiƙihu akan fara da Ahalari da Ishmawi, a wuce Iziyya da Risala, a ƙare da Askari da Muhtasar. A nahawu akwai Ajurumiya da Alfiyya. A adabi akwai Ishiriniya ta Alfazazi, da Maƙamatu 50 na Hariri, da waƙoƙin Larabawan jahiliyya. Tafsiri kuwa Jalalaini ne jigonsa.

In aka duba cikin waɗannan littattafai za a ga fannonin nan huɗu a cakuɗe. Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu cikin 996, tana da babin ciniki da bashi da riba da haɗin jari, tana da babin gado wanda ba ya fahimtuwa sai da lissafi, sa'an nan ta ƙare da babobin ladabin ci da sha da sallama da neman izinin shiga gida. Ahalari, da a ke ba ƙaramin ɗalibi, ya fara da maganar tuba da tsare harshe da zaɓen abokin zama tun kafin ya kai ga alwala. Akwai kuma Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda dukansa a kan yadda a ke neman ilmi ne: gyaran niyya, girmama malami, naci, da bitar karatu. Abin da a ke kira gina kai a yanzu shi ne wannan, sai dai su ba su ware shi daga sauran karatu ba.

Aikin ciniki kansa a hannun ubangida a ke koyonsa. Yaro ya bi ayari yana ɗaure kaya, ya ga yadda madugu ke shirya da sarakunan hanya a kan kuɗin fito, ya ga yadda fatoma ke saukar da baƙo ya sayar masa. Ayarin Gwanja kuwa yakan tafi da malaminsa, mai jan salla, mai rubuta wasiƙa da lissafin kaya, mai raba gadon wanda ya rasu a hanya. Tarihi shi ne ba shi da littafi a zaure. A bakin maroƙa da makaɗan fada da tsofaffi ya ke, cikin kirari da jerin sunayen sarakuna.

Farin Dutse da zamanin haraji

Wuri na biyu da Gaya ta fito sosai cikin Tarihin Kano shi ne zamanin Sarki Dadi (1670 zuwa 1703). A farkon mulkinsa Kwararrafa suka shiga birni ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka kashe mutanen Kurmi da malamai masu yawa. A lura da waɗanda aka ambata tare cikin wannan masifa: 'yan kasuwa da malamai. Cikin wannan zamani na raunin birni Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya shekara 3 bai kai wa Sarkin Kano haraji ba, har aka yaudare shi ya zo ganawa aka kashe shi.

Amma maganar ba ta ƙare nan ba. Farin Dutse yana da 'ya, sunanta Maryama, ita ce ta haifi Muhammadu Sharefa ɗan Dadi, wanda ya yi sarautar Kano daga 1703 zuwa 1731. Jikan ɗan tawaye ya hau gadon wanda ya kashe kakansa. A zamaninsa mutanen Gaya suka yi ƙarfi ƙwarai a fadar Kano, Sarkin Gaya kuma ya gina wa garinsa ganuwa, kamar yadda aka gina a Takai da Tsakuwa da Gano da Dawaki. A zamaninsa ne kuma, in ji littafin, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa.

Shigowar wuri babban al'amari ne. Kuɗi ne da a ke ƙirgawa, mai sauƙin rabawa, yana sauƙaƙa ƙaramin ciniki. Amma abin da ya sauƙaƙa ciniki shi ya sauƙaƙa karɓar haraji. An ce Sharefa ya ƙago hanyoyi 7 na tara kuɗi, cikinsu har da harajin kasuwar Kurmi da na 'yammata in za a aurar da su, mai littafin kuwa bai ɓoye ba ya kira su ƙwace. Ɗansa Kumbari (1731 zuwa 1743) ya ƙara a kai, ya matsa wa Kurmi har ta kusa mutuwa, ya ɗora wa malamai haraji. Larabawa suka tashi suka koma Katsina, talakawa da yawa suka gudu ƙauye. Ga shi dai, yadda littafi da fatauci suka shigo tare zamanin Yakubu, haka aka matse su tare zamanin Kumbari.

Jihadi da abin da ya biyo baya

Irin waɗannan haraji suna cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa a kansu cikin Kitabul Farƙi. Jihadi ya tashi cikin 1804, Kano ta faɗa hannun jama'a wajen 1807, Sarki Alwali ya ƙare a Burumburum. Wannan zamani ya canja karatu ta fuska biyu. Da fari, tarihi ya zama abin da manyan malamai ke zama su wallafa: Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri cikin 1812, Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Tazyinul Waraƙati cikin 1813, a Kano kuma Alƙali Muhammadu Zangi ya rubuta Taƙyidul Ahbari a kan jihadin ƙasar. Na biyu, waƙar Hausa da ajami ta zama hanyar koyarwa, Nana Asma'u da 'yan'uwanta suka yi ta tsara waƙoƙin wa'azi da tarihi domin mata da talakawan da ba su jin Larabci.

Ciniki ma ya bunƙasa. Sa'ad da Heinrich Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zo Kano cikin 1851, ya tarar tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tumbutu da Tarabulus. Yawancin wannan aiki kuwa a garuruwa da ƙauyuka a ke yinsa. Sai Basasa ta zo bayan rasuwar Muhammadu Bello cikin 1893, sa'ad da aka naɗa Tukur, Yusufu ya fita ya kafa sansani a Takai. Gabas da kudancin Kano suka zama fagen fama, Gaya tana cikin garuruwan da yaƙin ya ci. Yusufu ya rasu a Garko, Aliyu Babba ya shiga birni cikin 1894, ba a yi shekara 10 ba Turawa suka ci Kano cikin Fabrairu 1903.

Yadda boko ya raba fannoni

Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A nan aka fara koyar da karatu da rubutun boko, da lissafi, da labarin ƙasa, da kiwon lafiya, kowane da sa'arsa, sana'a kuma aka ware mata sashe dabam. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, ita ta horar da malaman da suka yaɗa wannan tsari cikin lardunan Arewa. Adabin boko ya samu ne daga gasar da aka shirya a Zariya cikin 1933, wadda ta fitar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita cikin Janairu 1939, Alhaji Abubakar Dokaji kuma ya wallafa Kano Ta Dabo Cigari cikin 1958.

Kasuwanci kuwa ya daɗe a wajen aji. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe cikin 1912, waɗanda suka riƙe shi kuwa tsofaffin fataken goro ne. Alhasan Ɗantata, haifaffen Bebeji, wanda ya rasu cikin 1955, daga makarantar allo da hanyar Gwanja ya fito. Tsohon tsari ne ya horar da mutumin da ya fi kowa cin moriyar sabon ciniki.

Boko ya kawo alheri mai yawa: littafi ya yi araha, tarihi ya sami shekaru da hujja, Hausa ta zama fannin jami'a. Amma ya kawo hasara guda. Tarihin da ya shiga aji na sarakunan birni ne, yaron Gafasa ya haddace sunan Rumfa da Dabo, bai san Agalfati ba, bai san uwar Sarkin Kano Sharefa 'yar ƙasarsu ce ba.

Abin da ya rage ga malami

Wannan giɓi ba ƙaramin abu ba ne, domin maganar matsayin Gaya a ƙasar Kano ba ta mutu ba. Cikin 2019 aka ɗaga ta ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, cikin 2024 aka soke wannan doka, aka sāke kafa ta da daraja ta biyu, ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Wanda ya san labarin Farin Dutse da Maryama zai gane cewa jan igiya tsakanin birni da Gaya ya girme wa dokar majalisa da shekara 300, kuma aure da siyasa sun sha gyara abin da takobi ya ɓata.

Malamin kwalejin horon malamai yana iya ɗaukar zamani ɗaya, kamar na Yakubu ko na Sharefa, ya sa ɗalibansa su dube shi ta fuska huɗu cikin mako ɗaya: wane littafi ya shigo, wace haja, wane ne ya sami sarauta, wane hali aka yaba ko aka zarga. Sa'an nan in an yi hutu kowa ya koma garinsu da aiki. Wani ya rubuto jerin sarakunan Gaya daga bakin dattawa biyu ko uku, ya gwada inda suka saɓa. Wani ya ɗauko kirarin maƙera, wani ya bi sawun ganuwa ya auna abin da ya saura, wani ya nemi izinin malamin zaure ya lissafa littattafan da ke cikin adakarsa da inda aka kwafo kowanne. In an dawo a ajiye waɗannan kusa da Tarihin Kano a ga inda suka yi daidai da inda ƙauye ya riƙe abin da birni ya manta. Dattawan da ke da wannan sani kullum raguwa su ke yi, takardun ajami kuwa gara ba ta jiran kowa.